Mai Kemis da Ya Hana Yayarsa Haɗi

An yi wani mutum a wani gari, da ɗan daɗewa, lokacin da wasunku ba su ma fara tafiya ba. Sunan garin ba zai ƙara muku komai ba, don haka na bar shi. Shi dai bawan Allahn nan Mudi ake ce masa, kuma ɗan kemis gare shi a bakin kasuwa: ɗaki ɗaya, kanta ɗaya, sai benci a waje. Ba likita ba ne, ba kuma malamin asibiti ba ne. Ya dai yi zaman koyo a hannun wani dattijo mai sayar da magani, ya sami izini, ya buɗe nasa. Ku riƙe wannan da kyau, don shi kansa bai taɓa mantawa da shi ba.

Mudi yana da yaya, sunanta Lantana, mai sayar da waina. Mahaifiyarsu ta rasu yana jariri, ita Lantana ta goya shi, ta raine shi da kunu, ta yi masa tsaye har ya yi aure. A baki Yaya yake ce mata, amma a zuciyarsa uwa ce. Kuma tun ranar da ya buɗe kemis ɗin nan, kullum azahar ta yi sai 'yarta Hansatu ta biyo da kwano a rufe, waina da miyar taushe, ta ajiye a kan kanta ta ce, "Kawu, ga shi in ji Inna." Ko ruwa ake ko rana, kwanon nan ba ya fashi. Ba yunwa ce ta sa Mudi yake jiransa ba, yana da matarsa tana girki. Idan ya ga kwanon, ya san yayarsa tana lafiya kuma tana tare da shi.

To, kun san haɗi. Kada ku yi mini shiru kamar ba ku sani ba, na ga wasunku suna sunkuyar da kai. Mutum ya ji jikinsa ba daɗi, sai ya tsaya a kemis ya ce, "Haɗa mini na mura da ciwon jiki." Mai kemis ya ɓalle wannan, ya ɓalle wancan, fara, ja, ruwan ɗorawa, ya zuba a 'yar leda ya ƙulle. Ba suna, ba kwali, ba tambaya. Kai kuma ka juye a tafin hannu ka kora da ruwa. A garin nan haka kowa yake yi, kuma abin da ke sa haɗi ya yi suna abu biyu ne. Akwai magungunan kashe ciwo da kumburi, irin su ibufurofen da dikulofenak. Akwai kuma wata 'yar mitsitsiyar ƙwaya da ake ce wa deksa, wadda wasu ke sha don su yi ƙiba. Idan aka haɗa su, kafin gobe zazzaɓi ya sauka, jiki ya saki, mutum ya miƙe yana cewa wane ya iya magani.

Shi Mudi ba ya haɗi. Dattijon da ya koya masa ya gaya masa tun farko cewa deksa ba ta kashe ƙwayar cutar mura, rufe mata fuska kawai take yi. Tana danne ƙarfin da jiki yake yaƙar ciwo da shi, tana kuma tayar da sugan mai suga. Su kuma masu kashe kumburin nan suna iya cin cikin mai olsa, suna wahalar da ƙodar wanda zazzaɓi ya busar da shi bai sha ruwa ba. Idan aka haɗa su biyun a cikin da dama da gyambo, to sai dai a yi addu'a. Abin da Mudi ya sani ke nan, bai wuce haka ba, kuma bai taɓa da'awar ya wuce ba. Wanda ya zo masa da mura, sai ya tambaye shi, "Kana da olsa? Kana da suga? Hawan jini fa?" Sannan ya ba shi farasitamol a kwalinsa, ya gaya masa yadda zai sha, ya ce ya sha ruwa da yawa ya kwanta. Wanda ya ga numfashinsa yana sama-sama kuwa, maganarsa ɗaya ce: "Je ka asibiti."

Ana nan ana nan, wata shekara da damina ta ja baya, sai aka yi wata mura mai zafi a garin. Gida-gida ta bi. Masallaci ya cika da tari, har liman yana karatu ba a jin sa sosai. Ita ma Lantana sai ta kamu. Ga shi kuwa ta riga ta karɓi aikin wainar sunan wasu maƙwabtanta, ta ba su baki, an kawo shinkafa an jiƙa. Ita kuma mace ce da idan ta ce za ta yi abu, ko da rarrafe sai ta yi.

Da hantsi sai ga ta da kanta a kemis, ta yafa mayafi biyu tana rawar ɗari. Mudi ya fito da sauri ya kama ta ya zaunar a benci.

Ya ce, "Haba Yaya! Me ya fito da ke a haka? Ai da aiko Hansatu kika yi na zo."

Ta ce, "Bar dogon zance. Haɗa mini mai ƙarfi, irin wanda ake bayarwa a bakin tasha. Gobe ina da suya."

Ku saurara, nan ne gwajin yake. Mudi ya san yayarsa tana da olsa, shi yake sayo mata maganinta. Ya san tana da ciwon suga, shi ya raka ta aka gwada. Ya kuma san halinta, ya san ba a ce mata a'a. Ya durƙusa a gabanta kamar yadda ya saba tun yana yaro.

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Wannan haɗin ba naki ba ne. Ga olsa, ga suga. Zan ba ki farasitamol ya sauke zazzaɓin, ki sha ruwa, ki kwanta. Suyar a bar wa Hansatu, ai hannunki ta ɗauko. In kuma jikin ya ƙi, ni da kaina zan kai ki asibiti."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ni kake gaya wa abin da zan sha? Ni da na ɗura maka jiƙo kana tsala ihu a cinyata?"

Ya ce, "Ke ce, Yaya. Shi ya sa ba zan iya ba."

Ta ce, "Kowa a garin nan yana sha yana miƙewa, sai ni ce zai kashe?"

Ya ce, "Wallahi ban san wanda zai kashe da wanda zai bari ba. Ni ba likita ba ne. Abin da na sani, idan na ba ki da hannuna wani abu ya same ki, ba ni da abin da zan gaya wa Allah."

Mutane sun fara taruwa, kun san kasuwa. Lantana ta ji kunya, kunyar ta koma fushi. Ta miƙe tana haki ta ce, "To Mudi, na gode. Ashe abin da na raina ke nan. Riƙe maganinka. Kada ka sake taka mini gida, ni ma ba za ka sake ganin kwanona ba." Ta bar farasitamol ɗin a kan benci, ta nufi bakin tasha, inda wani mai kemis ya ƙulle mata leda ba tare da ya tambaye ta ko sunanta ba.

Ranar azahar ta yi, kwano bai zo ba. Mudi ya yi salla ya dawo ya zauna yana kallon hanya. La'asar ta yi, shiru. Baƙin ciki ya cika shi, har matarsa ta kawo abinci ya kasa ci. Kada ku zaci bai yi tunanin ya ƙulle ledar nan ya aika mata ba. Ya yi, ya ma tashi ya tsaya a gaban kanta yana kallon kwalin deksa. Zuciya tana ce masa, 'yar ƙwaya ce fa, kowa yana sha, ka sayi zumuncinka da ita. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce a'uzu billahi ya koma ya zauna.

Abin da ya ƙara masa zafi, washegari Lantana ta miƙe garau. Ta yi suyar suna, aka ci aka yaba, ta zauna cikin mata tana cewa, "Ga ni nan, ban mutu ba. Ku gaya wa likitan gidanmu." Gari ya ɗauka. Aka sa masa suna Malam Je-ka-asibiti, masu ciniki suka koma bakin tasha. Ya je gaishe ta, ta sa aka ce masa tana barci, alhali yana jiyo muryarta a tsakar gida. Ya koma washegari, haka. Bai daina zuwa ba. Yakan tsaya a zaure ya tambayi Hansatu, "Tana cin abinci? Yaya tarin? Ki lura da numfashinta, don Allah." Ita kuwa Lantana da ta ji daɗin haɗin, duk sanda zazzaɓi ya leƙo sai ta sake aikawa bakin tasha. Ga ta ba ta cin abincin kirki, sai dai ta kora da shayi.

'Yan kwanaki kaɗan aka yi a haka. Wata rana da safe Mudi yana share gaban kemis, sai ga Hansatu a guje ba ko takalmi.

Ta ce, "Kawu, Inna! Ta faɗi a bakin murhu. Tun jiya take shan ruwa kamar me, ƙishin ba ya tafiya. Bayan gidanta baƙi ƙirin kamar kwalta, yanzu kuma numfashi yana gagarar ta."

Bai tsaya rufe kemis ba. Ya tarar da ita a kwance, leɓe ya bushe, ido ya yi fari fat. Bai ce mata ai na gaya miki ba. Ku ji ni da kyau, bai ce ba, ko a fuska bai nuna ba. Ya cicciɓe ta ya sa a mota, ya ce wa Hansatu ta ɗauko ragowar ledar maganin, suka yi asibiti.

A can aka karɓe ta da gaggawa. Aka gwada suga, ya yi sama sosai. Aka gwada jini, ya yi ƙasa, gyambon cikin nan ya fashe yana zuba. Murar kuma ta gangara ƙirji ta zama ciwon huhu, ba wanda ya lura, don haɗin ya danne zazzaɓin da zai nuna. Aka sa mata robar iska a hanci, aka ɗaura ruwa. Likitan da ke kanta, wani mutum ne mai himma amma gajiya ta kama shi, don asibitin a cike yake da masu irin wannan ciwo. Ya ɗaga ledar ya juya ta ya ce, "Mene ne wannan? Wa zai gaya mini abin da ta sha? Ba suna, ba kwali!"

Mudi ya matso ya ce, "Likita, ba zan rantse ba, amma yadda ake haɗawa a garinmu, ƙaramar nan deksa ce, waɗannan kuma dikulofenak da ibufurofen."

Likita ya dube shi ya ce, "Kai wane ne?"

Wata mata mai jinya a gefe, 'yar garinsu, ta ce, "Ƙaninta ne, mai kemis ne."

Ai kuwa likita ya hau shi. Ya ce, "Kai ne mai kemis? Yayarka, mai suga, mai olsa, ka ɗura mata wannan? Ba ku da tsoron Allah ne? Kullum sai kun turo mana mutane a haka!" A gaban masu jinya, a gaban ma'aikata, a gaban Hansatu. Hansatu ta buɗe baki za ta yi magana, Mudi ya ɗaga mata hannu. Ya duba ya ga idan ya tsaya wanke kansa, sai an tono yadda yayarsa ta ƙi ji, a mai da ita abin nuni tana kwance tsakanin rai da mutuwa, ga kuma lokaci yana tafiya. Bai ce shi ya ba ta ba, don ba zai yi ƙarya ba. Abin da ya ce kawai, "Likita, a taimaka mata tukuna. In ana neman jini, ga ni." Aka gwada, jininsa ya yi daidai, aka ɗiba aka ƙara mata.

Abin da bai sani ba, Lantana tana ji. Idonta a rufe yake, bakinta ba ya motsi, amma kunnenta ya kwashe komai.

Allah da ikonsa, sai ta fara dawowa. A gadon da ke kusa da nata akwai wata tsohuwa, ita ma da robar iska. Wata rana Hansatu ta ji likita yana ce wa ma'aikaciya a yi wa tsohuwar allurar deksa. Mamaki ya kama ta, ta kasa haƙuri ta ce, "Likita, ba ita ce ka ce ta kusa kashe Inna ba?"

Likita ya ce, "Ita ce. Maganin ba guba ba ne, yana da wurinsa. Ita wannan baiwar Allah ciwon ya kai inda sai da iska take numfashi, mun auna mun ga a nan zai taimake ta, kuma muna gwada suganta safe da yamma. Mahaifiyarki kuwa ta sha shi tun ciwon yana mura, lokacin da ba ta buƙatarsa, ba awo, ba mai dubawa, ta haɗa da abin da ke cin ciki. Da wancan kawun naki ya san aikinsa, da ba mu zo nan ba."

Sai aka ji murya daga gado, a shaƙe, da ƙyar: "Likita."

Ya juya. Lantana ta ɗaga hannu tana nuna Mudi, wanda ke tsugune a bakin ƙofa da kwanon kunu.

Ta ce, "Ba shi ba ne. Shi hana ni ya yi. A gaban kasuwa ya durƙusa yana roƙona, na zage shi, na tafi wani wuri na saya. Ka ci masa mutunci ranar nan ina ji, ya yi shiru saboda ni."

Likitan nan, Allah ya saka masa, mutumin kirki ne. Ya taka har inda Mudi yake, ya miƙa masa hannu ya ce, "Malam, ka yafe mini." Mudi ya ce, "Ba komai, likita, ai gaskiya ka faɗa, wurin ne kawai ba nan ba." Ya ƙarasa bakin gado da kunun. Lantana ta kama hannunsa tana kuka, shi ma hawaye ya zubo masa. Ta ce, "Mudi." Ya ce, "Sha kunun, Yaya, kada ya huce."

An sallame ta, amma kada ku ce ta fita a banza. Ƙarfinta bai dawo kamar da ba, zaman bakin tanda ya gagare ta, yaji da tsami kuwa ta yi ban kwana da su. Sana'ar waina ta koma hannun Hansatu. Ranar da ta fara iya fita, azahar na yi Mudi ya ɗaga kai, sai ya hango ta tana tahowa a hankali, tana hutawa a hanya, da kwano a hannunta. Ba aike ta yi ba, da kanta ta kawo. Ta ajiye a kan kanta ta ce, "Ga shi. Ba ni na soya ba, amma ni na ɗauko." Daga ranar bencin nan ya zama wurin zamanta. Duk wanda ya zo ya ce a haɗa masa, kafin Mudi ya buɗe baki ta riga shi: "Kai, zo nan zauna, in ba ka labarin haɗi."

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba ita ce ka ba mutum abin da ya roƙa ba. Amana ita ce ka tsare shi daga cutar da ka hango, ko da zai juya maka baya, ko da shi ne wanda ka fi so a duniya. Kuma sanin iyakarka ibada ne. Mudi bai warkar da kowa ba, abin da ya iya shi ne ya ce wannan ba hurumina ba ne, ya tsaya a kai.

Ku masu kemis da ke cikinmu, na san kuna nan, rai ake kawo muku a bakin kanta. Ku tambayi mutum ciwon da yake ɗauke da shi, ku ba shi magani a kwalinsa da sunansa. Ku kuma masu saye, ku daina matsa musu, don rabin laifin namu ne. Mura ta kama ka, ka huta, ka sha ruwa, ka sauke zazzaɓi da abin da aka ƙayyade. Mai lafiyayyen ciki da ƙoda, in ya sha ibufurofen bisa ƙa'ida, galibi ba abin da ke samunsa. Amma mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini, mai juna biyu, da tsofaffinmu, kada su taɓa sai sun tambayi masana. Deksa da 'yan uwanta kuwa ba na saye a leda ba ne, na hannun likita ne. Wanda kuma likita ya riga ya ɗora shi a kan irinsu, kamar mai asma, kada ya koma gida ya ce Malam ya hana ya watsar, ban ce ba, ya koma wurin likitansa. In numfashi ya fara gagara, ba sauran shawara, a tafi asibiti.

Kowannenku yana da Mudinsa, wani da ya taɓa ce masa a'a don yana ƙaunarsa, shi kuma ya ɗauke masa kwano. In naka yana raye, kada ka jira sai kana kwance da roba a hanci kafin ka wanke shi. Ka tashi daga nan ka je ka same shi yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu cikin masu riƙon amana. Ku ce amin.